Ledar da ta faɗa ruwa a Isna

Shekara talatin da ɗaya Baba ya yi yana jifan jiragen masu yawon shaƙatawa da leda, bai taɓa taka cikin ko ɗaya ba.

Haka aikin yake a Isna, garinmu na bakin kogin Nilu. Jirgi ya taso daga Luksor, ya zo ya tsaya yana jiran a buɗe masa ƙofar madatsa, mu kuma mu kewaye shi da kwale-kwale. Mutum biyu a kowanne, ɗaya na tuƙi, ɗaya a tsaye. A cusa jallabiya ko mayafi a leda, a ƙulle baki, a wurga hawa huɗu sama ta sauka a gaban Baturiya. In kayan sun yi mata, ta sa kuɗi a ledar ta jefo. In ba su yi ba, ta jefo kayan. Turawa ba su iya jifa ba, shi ya sa mai tuƙi yake tsufa da wuri, kullum yana bin leda kafin ta taɓa ruwa. Su an yafe musu. Amma ɗan Isna ba ya sa ledar wani a ruwa, ko da kuwa ba sa ga maciji da juna.

Baffa Sidhom ne ya tuƙa Baba duk shekarun nan. Bara kafaɗar Baba ta dama ta daina ɗaguwa, ya koma zaman bakin ruwa yana kushe jifan matasa.

Mu biyu ya koya wa. Ni hannuna bai taɓa yin kyau ba, da na gama sakandare na sayi babur ina ɗaukar mutane daga tasha zuwa kasuwa. Yayana Mamduh shi ne mai hannu. Yana ɗan shekara goma sha biyu yake ajiye leda a kan teburin da ya nuna, tsakanin kofuna biyu. Da sunansa ake kiran Baba a duk garin, Abu Mamduh, wato uban Mamduh. A kwale-kwale ya tsinci Turanci da Jamusanci, ya tafi makarantar aikin otal a Luksor, yanzu shekara shida yana tarbar baƙi a wani babban jirgi, da kwat, da sunansa a ƙirji. Duk Talata jirgin yake wucewa ta Isna. Duk Talata Baba yana bakin ruwa. Mamduh bai taɓa leƙowa ba.

"Aiki," in ji Baba. "Mai tarbar baƙi ba ya barin tebur."

Da Mamduh ya zo hutun Sallah, Baba ya roƙe shi abu ɗaya.

"Kafin ɗaya kafaɗar ma ta tafi, ina so in hau sau ɗaya. In tsaya can sama ranar da za ku iso Isna, kai a gefena da kwat ɗinka, Sidhom ya ɗaga kai ya gan mu. In ga yadda muke daga sama."

Mamduh ya ce in sha Allah. Wata biyar Baba yana tuna masa a waya. Da zafi ya shigo, jirage suka koma tafiya rabi fanko, sai ya samo mana ƙaramin ɗaki na mutum biyu ta hannun wani abokinsa mai sayar da tikiti. Kwana huɗu, Luksor zuwa Aswan. Ni zan raka Baba.

Saura mako biyu ya kira ni.

"Rifa'i, ɗakin nan ba na Baba ba ne. Can ƙasa yake kusa da inji, tagarsa kamar faranti, ruwa na dukanta."

"Shi bai ce yana son taga ba."

"Kai dai ba ka da zuciya. Mutum ya yi shekara talatin a gindin jirgi, ranar da zai hau kuma ka sa shi a ƙasa? Akwai babban ɗaki a hawa na uku, da falo, da baranda. Abinci har gado. Ni na biya ƙaramin, kai ka cika."

"Da me?"

"Ba ka da babur?"

Kwana uku ina juya maganar. Ina kallon Baba yana cin wake da hannun hagu, yana zubarwa. Rana ta huɗu na kai babur wurin Shahat mai faci, na dawo gida a ƙafa.

Umma ba ta daina dariya ba har muka tafi.

"Za ku biya mota zuwa Luksor don ku dawo Isna a jirgi. Da kun zauna a gida ai da kun riga jirgin isowa."

"Ke ba ki san tafiya ba," in ji Baba.

"Na san mai tafiya. Ka ga, kada ka manta ka jefi Turawan nan da matashin kai."

Mamduh ya aiko da kwat mai ruwan toka da takalmi baƙi, ya ce a ɗora a kan jallabiya. Ya ce mu zo ƙarfe biyu daidai. Muka zo. Jiragen a jere suke, gefe da gefe, sai da muka ratsa ta cikin guda uku kafin mu kai nasu. Wata budurwa ce a teburin tarba. Baba ya buɗe baki zai tambayi ɗansa, ta riga ta miƙa mana katin ƙofa, wani ya ɗauki jakarmu.

A ɗaki Mamduh ya same mu. Sai da ya rufe ƙofa sannan ya sumbaci hannun Baba.

Ɗakin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Gado mai faɗin kwale-kwale biyu. Falo da kujeru masu laushi, kwandon mangwaro, sanyi yana fitowa daga bango. An naɗe tawul aka yi kada da shi a kan gado, har da idanu na murfin kwalba. Baba ya zagaye kadan sau biyu, ya ce kada kowa ya taɓa masa. Ya buɗe ƙofar baranda. Bangon jirgin da ke maƙwabtaka da mu ne a gabansa, kamu biyu tsakani, da tagar wani ƙaton mutum yana goge haƙori ba riga.

"Wannan shi ne Nilu?" na ce.

"Gobe in mun tashi za ka gani, sarkin ƙorafi," in ji Mamduh.

Baba ya ɗaga wa mutumin hannu. Mutumin ya ja labule.

"Ina ake cin abinci?" in ji Baba. "Ina so in ga inda kake zama."

"A nan za ka ci, Baba. Daɗin babban ɗaki ke nan. Masu ƙananan ɗakuna ne suke bin layi da faranti a hannu, sau uku a rana, kamar a asibiti. Kai danna wannan kawai, a kawo maka."

"To gobe fa? Isna?"

"Ni zan zo in ɗauke ka da kaina. Kada ka fita sai na zo, jirgin nan ɓatar da mutum yake yi."

Mai kawo mana abinci wani dattijo ne mai furfura, Girgis, mutumin Ƙus. Ya kawo miyar lalo da zomo, da shinkafa, da zoɓo mai ƙanƙara. Baba ya ce ya zauna su ci tare. Girgis ya yi dariya ya ce in ya zauna a kujerar nan, gobe a gidansu zai ci abinci.

Washegari jirgi ya tashi da hantsi. Bango ya kau, kogi ya fito, dabino da gonakin rake. Baba ya tsaya a baranda ya daɗe yana kallo. A lokacin na ce a raina babur ɗin bai tafi a banza ba.

Ya shiga wanka, yana wasa da famfon zafi da na sanyi, sai Girgis ya shigo da shayi.

"Yaya jikin Alhaji?"

"Lafiyarsa ƙalau."

"Madalla. Ustaz Mamduh ya ce hawan jini ne, ba ya son hayaniya. Ya ce kada mu bari ya hau sama rana ta buge shi." Yana jera kofuna. "Babban mutum, ba girman kai. Da gani ka san abokin mahaifinsa ne na gaske."

"Mahaifin wa?"

"Na Ustaz Mamduh mana. Mai shagon yadi a Alƙahira. Ya ce tare suke fatauci da Alhaji tun suna samari."

Girgis ya kalle ni, ya kalli ƙofar banɗaki.

"Sai dai ban taɓa ganin mai sayar da yadi da igiya ta ci wa tafin hannu haka ba," ya ce a hankali. "Amma ni shayi na kawo."

Na sami Mamduh a bayan matakala, kusa da ɗakin wanki. Da ya ga fuskata ya ja ni ciki, tsakanin buhunan zannuwan gado.

"Yaya shagon yadi?" na ce.

Ya rufe ido. "Girgis da bakinsa."

"Yaushe Baba ya koma Alƙahira ban sani ba?"

"Rage murya. Bara Ustaz Wajih, manajanmu, ya kori mutum biyu. Wai suna gaya wa 'yan kwale-kwale wane baƙo ne mai kuɗi. Ba su yi ba. 'Yan Isna ne kawai. Ni takarduna Luksor suka ce. Shekara shida ina wuce garinmu a ɓoye a bayan tebur, kana tsammani daɗi nake ji?"

"Da ka ce masa ba zai yiwu ba."

"Kai ka taɓa ce wa Baba a'a?"

"Shi ya sa ka ce in sayar da babur."

"Ka ga ɗakin ai. Bai kai ba?"

"Barandar gabas take kallo, Mamduh. Kwale-kwale ta yamma suke zuwa."

Ya gyara sunansa a ƙirji, wanda dama daidai yake.

"Zai ga kogi, zai ci tantabara, ya kwanta a gadon da bai taɓa mafarki ba. Me kuma? Ka ce masa manaja ya riƙe ni. Awa biyu, ƙanina. Ka riƙe shi a ɗaki awa biyu kacal, mu wuce madatsa. A Aswan zan kai shi yawo da kaina, in riƙe hannunsa a kasuwa in kana so."

"A Aswan ba wanda ya san shi."

"To ai shi ya sa."

Ya faɗa kafin ya ji abin da ya faɗa. Na fita.

Da na koma, Baba ya riga ya shirya. Kwat a kan jallabiya, rawani sabon naɗi, gashin baki ya sha mai. Takalmin yana matsa masa amma ya ƙi cirewa. Ya zauna a bakin gado kusa da kadansa, hannaye a kan gwiwa, yana kallon ƙofa.

Bayan la'asar jirgi ya rage gudu. Daga barandarmu ba komai sai ruwa da wata gonar ayaba. Amma sauti yana zagayowa ta ɗaya gefen. Igiya tana bugun ƙarfe. Muryoyi.

"Madam! Madam! Kalli kawai, kallo kyauta ne!"

Baba ya miƙe tsaye. "Ɗan Fahim ne wannan. Ba shi da hannu, baki ne kawai." Ya saurara. "Ka ji Sidhom yana zaginsa." Ya yi dariya, ya kalli ƙofa, ya koma ya zauna.

Minti goma. Ashirin.

"Ko ya manta mu?"

Ƙaryar tana bakina, an riga an shirya mini ita. Manaja ya riƙe shi. Da na faɗa, da Baba ya gyaɗa kai ya ce aiki, ya ci tantabararsa, ya koma Isna yana ba da labarin famfo mai ruwan zafi har ƙarshen ransa.

"Taso mu je," na ce.

Har yau ban san ko dominsa na yi ba, ko domin babur ɗina.

Sama cike take da Turawa, jajaye kamar an gasa su, sun jeru a jikin ƙarfen gefe suna dariya. Ledoji na tasowa suna faɗuwa tsakanin kujeru. Baba ya bi ta cikinsu a hankali, ya kama ƙarfen da hannun hagu, ya leƙa.

"Kai," ya ce. "Ashe haka muke ƙanana."

Kwale-kwale bakwai ne a ƙasa. Baffa Sidhom yana na tsakiya, da ɗan ƙanwarsa Milad a tsaye. Tun mako biyu da suka wuce duk bakin ruwa ya san Talatar nan ce. Sidhom ya ɗaga kai, ya sa hannu ya kare rana, ya saki matuƙi.

"Abu Mamduh! Wallahi ya hau! Jama'a, ga Abu Mamduh a sama!"

Duk kwale-kwalen suka ɗauka. Ana fito, ana buga matuƙi a katako.

"Basha, manyan gari! Ina ka samo kwat?"

"Ka saya mana ko mayafi ɗaya, Bature!"

"Ba ragi!" Baba ya mayar musu. "Ɗan Fahim, ɗaga gwiwar hannunka, kunya kake ba mu!"

Yana waige-waige yana neman ɗansa. Ni na riga na gan shi. Taku goma daga inda muke, kusa da rumfar lemo, tare da wani gajere mai tabarau da farar kwat. Ustaz Wajih ne ya hau da shi don ya yi wa wasu Jamusawa tafinta. Mamduh ya gan mu. Fuskarsa ba ta motsa ba.

Sidhom ma ya gan shi. Ya ciro wata leda daga ƙarƙashin mazauninsa, ba irin ta ciniki ba, fara sabuwa. Daga baya na ji labari: kwale-kwale bakwai ɗin ne suka haɗu suka ɗinka wa Baba farar jallabiya, da aiki a wuya.

"Mamduh, ɗana! Karɓi, ka sa wa tsohon da hannunka!"

Milad ya wurga. Jifa mai kyau. Ta sauka a kan takalmin Mamduh.

Ustaz Wajih ya sauke tabarau. "Sun san ka?"

"Yallaɓai, mutanen nan har sunan kyanwar jirgi sun sani." Ya yi dariya. "Rabin ƙasar nan Mamduh ne."

"Wane ne suke yi wa ihu?"

"Alhajin babban ɗaki. Ina jin ya saba saye a wurinsu."

Baba yana ji. Iska ba ta kaɗawa, ba abin da ya ɗauke maganar.

"Mayar musu da tarkacensu," in ji Ustaz Wajih. "Igiyoyinsu sun gama kankare mini fenti."

Mamduh ya sunkuya ya ɗauka. Na ga yatsunsa sun nemi ƙullin da kansu, sun auna nauyin, kamar yadda aka koya mana. Kwale-kwalen Sidhom yana nan ƙasa daidai, ko makaho ba zai kuskure ba. Sai ya saki ƙullin. Ya riƙe ledar da hannu biyu a gaban cikinsa, ya tura ta sama kamar tsohuwar Baturiya, har da 'yar tangaɗi don Jamusawa su yi dariya. Suka yi.

Ledar ta yi nisa, ta bayan duk kwale-kwalen. Ta faɗa ruwa.

Fito ya tsaya a ƙasa. Sidhom ya daɗe yana kallon sama, sannan ya ɗauki matuƙi ya juya ya bi ledar, shi kaɗai yake motsi a duk kogin.

Na taka zan nufi Ustaz Wajih. Ban san me zan ce ba, amma bakina a buɗe yake. Baba ya kama wuyan hannuna. Hannun hagu ne, amma sai da ya bar shaida.

"Abincinsa ne," ya ce, ba tare da ya kalle ni ba.

Ya ja ni har gabansu. Ya tsaya, ya gyara kwat.

"Ustaz," ya ce wa Mamduh. "Jirgin nan yana tsayawa a Isna?"

"Bayan madatsa, Alhaji. Rabin awa."

"To a sauke mu. Hawan jinin ne ya taso."

Ashe maganar Girgis ta iske shi a banɗaki.

Ustaz Wajih ya shiga ba da haƙuri, ya ce akwai likita, ya ce saura kwana uku kuma ba a mayar da kuɗi. Baba ya ce ba komai, ɗakin ya yi kyau, Allah ya ƙara kasuwa. Mamduh yana tsaye, hannu a baya, kamar yadda mai tarbar baƙi yake tsayawa.

Muna cikin ɗaki aka rufe ƙofar madatsa, ruwa ya ɗaga jirgin. Baba bai fita baranda ya gani ba. Ya cire kwat ya shimfiɗa a kan gado, ya jera takalmin a ƙasa, ya sa silifas ɗinsa. Girgis ne ya ɗauki jakarmu har bakin gaɓa, ko da yake ba aikinsa ba ne. Ya ƙi karɓar komai.

Daga gaɓa zuwa gida tafiyar minti ashirin ce. A babur minti huɗu. Muka taka.

Umma ta buɗe ƙofa, ta ga fuskokinmu, dariyar da ta tanada ta tsaya mata. Baba ya ce mata ɗakin yana da famfo biyu da kada na tawul. Ya ce Mamduh ya sa mu a ɗakin da ya fi kowanne. Ta ce madalla, ta ɗora shayi.

Da safe Baffa Sidhom ya zo da jallabiyar. Ya wanke ta, amma ruwa ya shiga ta bakin ƙulli, launin zaren wuyan ya zuba a kan farin. Ya ajiye ta a kan benci tsakaninsu. Suka zauna suna kallon titi.

"Iska ce," in ji Baba. "Daga sama iska tana da ƙarfi, ba ka sani ba sai ka hau."

Sidhom ya juya kofinsa.

"Jiya babu iska, Abdurradi."

Tun da na yi wayo ban taɓa jin wani ya kira Baba da sunansa na yanka ba. Na jira ya gyara masa. Ya ɗauki jallabiyar ya ɗora a cinya, yana shafa wurin da launin ya zuba.

Yanzu ni nake tuƙa Milad, tunda ba babur, Sidhom kuma bayansa ya gaji. Duk Talata jirgin yana zuwa. Ta yamma muke ɗaura igiya, ba na ko ganin barandar da na saya. Baba ba ya fitowa bakin ruwa ran Talata. Jallabiyar yake sawa ran Juma'a, da tabonta.